Tafasar Dutsen Dala

"In ba takardata ka kawo ba, Malam, ga hanya nan."

Haka na faɗa masa ina tsaye a bakin ƙofar ɗakin kakata, ko gaisuwarsa ban amsa ba. Mika'il, mijina, yana durƙushe a gefen tabarma, kansa a ƙasa. Wanda bai san shi ba sai ya ce kunya ce. Ni kuwa na san abin da yake kallo. Waya ce ya ɓoye a bayan gwiwarsa, babban yatsansa yana ta kai da kawowa.

"Nana Hauwa," in ji kakata Hajiya Ya Fanna, "ba haka na koya miki ba."

"Kaka, ki dube shi fa. Wai biko ya zo, amma ciniki yake yi."

Ya yi sauri ya kife wayar a cinyarsa.

"Wani ne daga Legas yake tambayar jaka..."

"Ka ba shi amsa mana. Ai ya fi ni daraja."

Kaka ta ci gaba da juya itacen turare a cikin kwalla. Ita ta raine ni tun da Ummana ta rasu, a wannan tsohon gidan namu na Ƙofar Ruwa da kakanninta suka gina bayan sun taso daga Barno. Nan na dawo daga asibiti don wankan jego, jego ba jariri. Wanka ya ƙare, arba'in ta wuce, damina ta faɗi, ni kuwa na ce ƙafata ba za ta sake taka gidan Mika'il ba.

Mutane suna cewa na cika riƙo. Su ce mana. Ba su ne suka farka daga allurar tiyata ba, ciki a ɗinke, baki a bushe, suna tambayar nas ina jaririyarsu ana ce musu tana cikin kwalba. Ni ce na lalubo wayata a ƙarƙashin matashi don in kira mijina, sai na ga ya sa sabon sitatus. Na buɗe da murmushina, na ɗauka hoton 'yata zan gani. Baƙin bango ne da farin rubutu: Allah ya yi wa jaririyarmu rasuwa, za a yi jana'iza bayan Azahar.

Haka na ji mutuwar 'yata. Ban ga fuskarta ba, ban ji kukanta ba.

Daga ranar na toshe lambarsa. In ya zo gidan, sai ya zauna a zaure ya yi ta rubuto saƙo ta wayar Hassana, 'yar baffana, ni kuma in ƙi karantawa.

"Kawo," in ji Kaka, ta miƙa masa hannu.

"Na'am, Hajiya?"

"Abin nan da ka aura kafin jikata. Kawo ta."

Ya miƙa mata da hannu biyu, kamar mai ba da jini. Na yi 'yar dariyar mugunta. Ban rufe baki ba ta juyo gare ni.

"Ke ma kawo taki."

"Ni kuma me na yi?"

"Kin ɗauka ban san habaicin da kike lilliƙawa kullum ba? Hassana tana karanta min. Jiya wai 'wasu mazan hoto ne kawai'. Duk dangi sun gani, har na Maiduguri sun kira ni. Kawo, ja'ira."

Ta haɗa wayoyin biyu, ta jefa cikin wata kwallar da babu komai sai ƙamshin tsohon turare, ta rufe, ta tura ƙarƙashin gado da dunduniya. Sannan ta ciro wani ɗan kwando ta ajiye a tsakaninmu.

"Kwaɗon tafasa nake sha'awa. Ku je Dala ku tsinko min."

"Kaka, ana sayar da tafasa a bakin titi."

"Ta Dala na ce. A gidan nan ba a kashe aure a ƙarƙashin rufi. Ni ma da na tayar da bori a kan kakanki Malam Modu, Allah ya jiƙansa, itace aka tura mu yi, muka dawo da ƙaya a ƙafa. Ku je ku cika kwandon nan ku biyu. In kun dawo kika ce har yanzu takarda kike so, ni da kaina zan ara masa biro."

"Kin yi alkawari?"

"Na yi."

Na zari hijabina. Ko Dutsen Dala aka ce in ɗauko gaba ɗaya, a ranar zan ɗauko, in dai zan rabu da shi.

An yi ruwa da rana, lunguna duk sun jiƙe, kwatoci suna gudu. Ina gaba yana baya da kwando, kamar ɗan aike. Duk wanda muka gifta sai ya gaishe shi, don Mika'il ɗan gidan dukawa ne, jakunkuna da takalman shagonsu na kasuwar Kurmi har ƙasashen waje yake tura su ta waya. Kowa yana cewa yaron kirki. Ni kaɗai na san cewa a wajen cin abinci ma ƙeyar wayarsa nake kallo.

Na waiga sau ɗaya, na ga hannunsa ya shiga aljihu, ya fito ba komai, ya sake komawa.

"Ba ta nan. Ko in koma in roƙo maka ita, kada ka suma a hanya?"

"Ke ma tun ɗazu kike laluben jakarki."

Na cire hannuna daga jakar da sauri. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa abin ya fi ƙona min rai.

"Kada ka sake yi min magana."

"To."

Wannan "to" ɗin nasa ita ce ta fi komai ba ni haushi a duniya. Mutum ya iya rubuta saƙo mai tsawon zani, amma a gabanka ba shi da abin cewa sai "to".

Muka fito daga cikin gidaje, dutsen ya tsaya a gabanmu, ja da shi, ruwa ya wanke shi tas. Rabona da zuwa nan tun ina 'yar firamare. Kullum ina hango shi daga soron gidanmu, amma ban san damina tana yi masa haka ba. Ciyawa ta rufe gefensa, kore shar, awaki sun bazu suna kiwo, ƙasa tana tashin wannan ƙamshin na bayan ruwa. Ga tafasa nan ko'ina, har da masu ɗan fure rawaya.

Na tsuguna na fara tsinka. Can sai na ji ana fizgar abu. Na duba, Mika'il ne ya kama tafasa tun daga tushe yana tumɓukewa, har da saiwa da taɓo, yana cusawa a kwando.

"Me kake yi haka?"

"Tafasa nake cira."

"Shara aka aiko ka? Kan ake tsinka, ganyen sama mai taushi. Wannan ko akuya ba za ta ci ba."

Na fizge kwandon na zazzage a ƙasa. Ya tsaya yana kallon hannuwansa da suka yi dumu-dumu.

"Ban taɓa yi ba."

"Ai da ma. Abin da ba a dannawa ba ka iya shi ba."

"Nana, ya isa haka."

"Bai isa ba. Ko farawa ban yi ba."

Ya tsuguna nesa da ni, yana satar kallon yadda nake yi yana kwaikwaya. Muka yi ta tsinka ba mai cewa uffan. Shirun ya yi min nauyi. A gida in irin wannan shirun ya zo, sai kowa ya ɗauki wayarsa ya shige ciki, shi ke nan an tsira. A nan babu wurin ɓuya. Ina jin numfashinsa, ina jin ƙarar ganye in ya tsinke, ina jin wata tsuntsuwa tana ta nanata kuka ɗaya a cikin darbejiya.

Ta ƙasan duk awaki sun cinye kanta. Kwandon ko rabi bai yi ba.

"Akwai mai kyau a sama," ya ce.

"Wa ya tambaye ka?"

Amma na nufi matakalar, don so nake kwandon ya cika in koma in karɓi abina.

Ban yi nisa ba wurin ɗinkin ya fara ja. Na daure, na ƙara hawa, sai ciwon ya fi ƙarfina. Na dafa dutse na tsaya ina haki. Ya ajiye kwandon ya miƙo hannu.

"Riƙe ni."

"Kada ka taɓa ni."

"Za ki faɗi."

"In na faɗi sai ka sa a sitatus. Ai ka saba."

Na ga maganar ta shige shi. Fuskarsa ta canza, ya janye hannun a hankali. Na ji daɗi, wallahi na ji daɗi, irin daɗin da mutum yake ji in ya sosa ƙurji har ya yi jini. Haka na ƙarasa hawa ni kaɗai, ina tsayawa ina ci gaba, shi kuma yana bayana dab da ni, bai taɓa ni ba, bai kuma matsa ba.

A sama iska ce ta fara tarbar mu, mai sanyi, ta cika min hijabi. Kano gaba ɗaya ta kwanta a ƙasa. Ga rufin Kurmi can a cunkushe, ga hasumiyoyin babban masallaci, ga Goron Dutse yana fuskantar mu, shirwa suna shawagi ƙasa da inda muke tsaye. Hadari ya sake haɗowa ta gabas. Ba kowa a wurin sai wasu mata can nesa suna shirin sauka.

Na zauna a kan wani falalen dutse don ƙafata ta huta. Ya tsaya a gefe, hannunsa ya sake tafiya aljihu. Wannan karon ban yi masa ba'a ba.

"Me ya sa?"

Ya juyo.

"Tambayarka nake, Mika'il. Me ya sa?"

"Na rubuto miki komai, kin ƙi karan..."

"Ba na son rubutu! Bakinka nake so. Ga ni, ga ka. Duk Kurmi ta riga ni sani. Mai kawo muku fata daga Maraɗi ya riga ni sani. Wanda ya taɓa sayen silifa a wajenka sau ɗaya ya riga ni sani. Ni da na ɗauke ta wata tara, aka yanka ni aka ciro ta, ni ce ta ƙarshe. Kuma a waya."

"Likita ce ta ce kada a gaya miki sai kin farfaɗo sosai. Jininki ya hau. Ni kuma ina neman mutanen da za su zo jana'iza, lokaci yana tafiya. Na cire sunanki daga masu gani, wallahi na cire. Ashe tsohuwar lambarki na cire."

"Shi ke nan? Kuskuren yatsa?"

"A'a."

"To mene ne? Bayan an binne ta fa? Ina kwance ina ihu nas-nas suna danne ni, kana ina?"

Na ɗauka "to" ɗin zai sake cewa. Sai ya durƙusa a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, da farar shaddarsa.

"Ina bakin ƙofar."

"Ƙarya kake."

"Ina jin ki. Na kama marfin ƙofar, na kasa turawa. Tsoro na ji, Nana. Ban san yadda ake kallon mace a gaya mata irin wannan ba. Sai na koma kan benci na ciro waya na fara rubuta miki haƙuri." Muryarsa ta karye. "Kina kuka a ciki, ni ina waje ina gyara rubutu. Ba ni da hujja. Ragon namiji kika aura, shi ke nan."

Na daɗe ina jiran ranar da zai kare kansa don in yaga shi. Na tanadi maganganu, na wasa su dare da rana. Yanzu ya miƙa wuya, na rasa inda zan soka.

"Na tsane ka," na ce. Hawaye ya riga ya ɓalle.

"Na sani."

"Ko hotonta ba ka turo min ba. Kai da ko shayi aka kawo maka sai ka ɗauka. Kana da hotonta a wayar can ka hana ni."

"Babu."

"Kamar yaya babu?"

"Ban ɗauka ba. Da aka fito da ita daga kwalba aka ce ba za ta yi nisa ba, sai suka miƙo min ita. Wayar tana aljihuna tana ta ƙara. Ban ko tuna da ita ba. Kallonta kawai na yi ta yi."

Na ɗago na dube shi. Rabon da in kalli ƙwayar idonsa har na manta. Ya rame, ƙasusuwan wuyansa sun fito, ga furfura ƙwaya-ƙwaya a gemunsa da ban san da ita ba.

"Da ranta ka riƙe ta?"

"Da ranta."

Ba wanda ya taɓa gaya min. Ko an gaya min, yana cikin saƙonnin da na ƙi buɗewa.

"Yaya take?" na tambaye shi.

Ya goge hannunsa a jikin riga, ya buɗe tafukansa biyu kamar har yanzu tana ciki.

"'Yar mitsitsiya. Daga nan zuwa nan. Gashi cike da kai, baƙi wuluk, a kwance luf kamar an shafa mai. Goshin Hajiya Kaka ne da ita sak, har da wannan ɗaure fuskar. Kunnenta na hagu ya ɗan lanƙwashe a sama, irin naki."

Hannuna ya kai kan kunnena ba tare da na sani ba.

"Ta buɗe ido?"

"Ɗaya. Ta buɗe ɗaya ta dube ni kamar na dame ta. Na sa mata ɗan yatsana ta riƙe. Nana, da ƙarfinta ta riƙe. Na yi mata kiran salla a kunne, na yi mata huɗuba."

"Huɗuba? Tana da suna?"

"Sunan Umma na sa mata." Ya sunkuyar da kai, don bai taɓa kama sunan mahaifiyata ba. "Maryam."

Nan na fashe. Ba irin kukan asibiti ba, wancan ihu ne. Wannan daga can ƙasa ya taso, na kife kaina a gwiwa na yi ta yi. Duk watannin nan ina makokin wata aba da ba ta da fuska, ba ta da suna. Ashe 'yata tana da goshin Kaka. Ashe Maryam ce.

Bai taɓa ni ba. Ya dai matso ya zauna a gefen dutsen, yana nasa kukan a hankali. Da na lafa sai ya nuna arewa da hannu.

"Kin ga inda gidaje suka ƙare, bishiyoyi suka yi duhu? Maƙabartar ke nan. Kin ga wata kuka da ta fi sauran tsawo, reshenta ɗaya a karye?"

Na share ido na duba. Na gan ta.

"Tana gindinta, ta gabas. Duk Juma'a ina zuwa. Ciyawa ta fito a kai yanzu."

Na daɗe ina kallon kukar nan. Mata ba sa bin gawa, ban taɓa tunanin zan san inda take kwance ba. Ga shi daga nan ana hangowa, kuma tun daga soron gidanmu ake hango nan. Na ɗaga hannu na yi mata addu'a da sunanta, shi yana amsawa da amin.

Ɗigon farko ya faɗo min a hannu. Ya miƙe ya ɗauki kwandon.

"Bai cika ba," ya ce. "Bari in ƙarasa, kada a ce ban cika sharaɗi ba. In kin ce takardar... zan rubuta. Ba zan wahalar da ke ba."

Na kalle shi yana tsinkar tafasa a cikin yayyafi, kan kawai, ganye mai taushi, a hankali kamar mai tsoron ya ji mata ciwo.

"Ban yafe ba tukuna," na ce.

"Na sani."

"Kuma in ka sake ce min 'to' sai na turo ka daga dutsen nan."

Ya buɗe baki, ya rufe. Na ga yana neman wata kalmar ya rasa. Dariya ta so ƙwace min a tsakiyar hawaye, na danne ta.

Wajen sauka matakalar ta yi santsi. Bai miƙo hannu ba, ya ji tsoro. Ni na kama gefen rigarsa, daga baya na kama hannun gaba ɗaya, da taɓonsa da komai.

Mun isa gida a jiƙe sharkaf ana kiran Magariba. Kaka tana zaune inda muka bar ta, hayaƙin turare yana tashi daga kasko. Ta leƙa kwandon ta taɓe baki.

"Mutum biyu, rabin kwando. Allah ya sawwaƙe." Ta dube ni, ta dubi idanuna da suka kumbura. Sannan ta laluba ƙarƙashin matashi ta ciro biro ta ajiye a kan tabarma. "Ga alkawarina."

A ƙarƙashin gado kwallar ta ɗauki ƙugi, ɗaya daga cikin wayoyin tana ta ruri a ciki. Mika'il bai ko waiga ba. Ni yake kallo.

Na durƙusa a gaban Kaka, na ɗauki biron na mayar mata ƙarƙashin matashi. Na kama fuskarta da hannu biyu ina kallon wannan goshin nata mai ɗaurewa.

"Lafiya, ja'ira? Me kike nema a fuskata?"

"Kaka, ashe da ke ta yi kama."

Na juya wajen mijina, na matsa masa wuri a kan tabarma.

"Zo ka zauna. Faɗa mata yadda Maryam take. Ka faro daga gashin... ni ma ina so in sake ji."